Gudu Zuwa Ina, Ɗan Samari?

Na ga kun fara yamutsa fuska tun ban buɗe baki ba. Wai me wannan zai gaya mana kan firamwok, mu da muke kwana da React mu tashi da shi? To ku gyara zama.

Ga kamfani mai ma'aikata dubbai, ga albashi, ga rumbun kaya, ga kwastomomin da ba su san haƙuri ba. An ce a zaɓi abin da za a ɗora manhajarsa a kai. Caraf wani cikinku ya ɗaga hannu: a ɗauko wanda ya fito bara, ai ya fi gudu. Gudu zuwa ina, ɗan samari?

Je ka tambayi waɗanda suka rungumi AngularJS. Google ce ta fito da shi a 2010, kowa ya saki jiki. A 2016 sai ga Angular 2, an sake shi tun daga tushe, tsohon aikinka ba ya shiga sai ka yi masa sabon rubutu. Ƙarshen 2021 Google ta zare hannunta daga tsohon ɗungurungum.

Su kuwa tsofaffin da kuke wa dariya suna nan daram. Django a ofishin wata jarida ta jihar Kansas a Amurka aka haife shi, ya fito a 2005, kuma shi ya goyi Instagram. Rails na 2004 ne, har yau Shopify da GitHub na kansa. Spring kuma, wanda kuke kira kayan dattawa, bankuna ba su gaji da shi ba.

“Ai Twitter ta guje wa Rails!” Ta guje masa, bayan da jama'a suka yi mata yawan da ya fi ƙarfinsa. Ranar da kamfaninka ya kai nan, kira ni in taya ka kwashe kaya.

Ku ma 'yan bayan tsofaffin kada ku yi saurin tafi. Kamfanin Equifax da Struts, wani tsohon firamwok, yake aiki. An gano kafar ɓarayi, gyaran ya fito a watan Maris na 2017, ba a saka ba, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Firamwok tamkar mota ce: kyan jiki ba ya hana ta kwana a gareji in babu makaniki da kayan gyara.

Don haka ajiye min wannan jadawalin gudun naka. Kawo min sunayen mutum uku da za su iya taɓa manhajar nan ranar da ka samu aiki a Dubai ka kashe waya.