Sabuwar Riga, Tsohon Kuskure

Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da wata cuta: da aiki ya cije, sai a ɗora wa kayan aiki laifi. Mutum zai bar Vim ya koma VS Code, ya kwashe kwana uku yana zaɓen launin rubutu da girman haruffa, sannan ya buɗe aikin ya tarar da kuskuren jiya zaune daram, sai dai ya sa sabuwar riga. Gardamar Vim da Emacs kuwa ta girmi yawancin masu yin ta, tunda Emacs tun 1976 yake, kuma har yau babu wanda ya sallama.

Za a ce ai sauyi kan yi rana, ga Git shaida. Gaskiya ne, amma a duba yadda aka yi: a 2005 aka janye damar amfani da BitKeeper kyauta, Linus Torvalds ya rasa abin da zai kula da aikin Linux, ya zauna ya ƙera Git. Wannan gobara ce ta fitar da mutum daga gida. Haka masu Atom: GitHub ya rufe shi a ƙarshen 2022, dole suka kwashe komatsansu. To, wanda nasa ke aiki lafiya lau, me ya kore shi? Masu Vim ake yaba wa da riƙon amana, su ma ana raɗe-raɗin ƙofar fita ce ba su gano ba. Mai nemanta ya danna Esc, ya rubuta :q, ya bi da Enter.