Yadda Ake Kiwon Ƙwannafi a Kurmi

Duk Bahaushen da ya yi damina biyu a kurmi ya san wutar nan da ke tasowa daga ƙahon zuciya, ta bi ƙirji, ta tsaya a maƙogwaro da ɗan ruwa mai tsami. Je ka Ama Hausa a Inugu, ko wajen 'yan gwari a bakin gadar Anacha, ko Diobu a Fatakwal, ka ambaci ƙwannafi, za ka ga majalisa ta dafe ƙirji gaba ɗaya. Kuma tuni aka yanke hukunci: manja ne, ko ruwan garin. To tunda kowa na da nasa, ya kamata a iya kiwonsa yadda zai yi ƙiba, a nuna wa tsara.

A ƙarshen bututun da abinci ke bi zuwa ciki akwai wani zoben tsoka. Yana buɗewa loma ta wuce, ya tsuke don kada ruwan tsamin da ke narka abinci ya dawo sama. Aikinka, Malam, shi ne ka kassara zoben nan. Maiƙo yana sassauta shi, taba sigari ma haka, cika ciki kuwa yana banƙare shi ta ƙarfin tsiya. Wanda ya haɗa ukun ya gama rabin aiki.

Da safe kada ka ci komai. Ka jefa goro a baki, ka kora da baƙin kofi, ka fita kasuwa. Da rana in yunwa ta yi magana ka ƙara mata goro, ka ce ciniki bai bar ka ba. Duk lissafin na dare ne. Wajen ƙarfe goma da rabi, bayan an rufe shago an ƙirga kuɗi, sai ka nufi teburin mai shayi ka ba da umarni irin na masu gari: Indomie biyu, ƙwai uku, a zuba mai sosai, a yanka albasa da attaruhu kada a ji tausayi. Biredi na gefe. Shayi mai kauri. A hanyar komawa ka tsaya wajen mai tsire, tunda ɗan garinku ne kuma wucewa ba gaisuwa rashin zumunci ne, ka ce ya sa kitse ya cika yaji. Ka danne da lemon kwalba mai sanyi, domin iskar da ke cikinsa ita ce za ta ɗauko tsamin ta kawo shi har baki.

Daga nan kuma sai kwanciya, nan take. Likitoci na cewa a bar awa uku tsakanin lomar ƙarshe da shimfiɗa, a kuma ɗaga gado ta wajen kai da kamar santimita 15 zuwa 20, ko da bulo ne, don abin da ke ƙasa ya zauna a ƙasa. Wannan shawarar masu son kashe kiwo ce. Kai dai ka miƙe ɗoɗar a kan kwali ko tabarma, tazuge a ɗaure tamau, guru da kuɗin ciniki a ƙugu. Likitocin sun kuma ce kwanciya ta ɓarin hagu tana rage tasowar tsamin, saboda yadda tumbi yake zaune. Mai farawa da dama don sunna ba wanda ya hana shi juyawa in ya gama addu'o'insa, amma kai kada ka juya.

Gari na wayewa ka ɗora laifin kan abincin masu gari. Nan ne gwaninta take, domin sai ka manta wanda ya kawo barkonon. Tirelolin da ke tsallaka gadar Neja da asuba, albasar Aliero ce da tumatirin Kadawa da attaruhun arewa a cikinsu, kuma wataƙila kai ka yi kamashon sauke su. A ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa kudu na 'yan kwanaki, ai kowa ya ga inda yajin kurmi ke fitowa. Okpa kuwa, wadda ake ɗora wa karan tsana a 9th Mile, gurjiya ce da aka niƙa aka turara da ɗan manja. Ƙulli ɗaya da hantsi ba ya tayar wa yawancin mutane da hankali. Gasasshiyar agadar Fatakwal da kifi ma haka, in ba ka ce a yi mata wanka da miyar barkono ba. Don haka ka guje su da rana, ka haɗiye ƙullin okpa huɗu a motar dare, ka jingina da kujera har Lokoja.

In wutar ta kama, ka jiƙa kanwa. Tana kashe tsamin na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, sai dai tana cika ciki da iska, gyatsa ta sake buɗe hanya, ga shi kuma gishirinta ba abokin mai hawan jini ba ne. Madarar gwangwani ma tana sanyaya ƙirji kafin maiƙonta ya sa ciki ya ƙara zubo ruwa. Mai dako da mai turin baro suna da ƙarin dama: diclofenac ko ibuprofen na ciwon jiki, a ciki wayam, kullum. Waɗannan ba ƙwannafi kaɗai suke ciyarwa ba, har gyambo suna haƙawa. Ɗan Anacha ba shi da uzurin rashin magani, tunda ga Ogbo Ogwu a kusa, kasuwar magani da hukumar NAFDAC ta taɓa rufewa a Fabrairun 2025 tana farautar jabu. In ka sayi omeprazole, wanda ake sha kamar rabin awa kafin karin kumallo, kai ka sha shi tsakar dare bayan wuta ta riga ta ci, sannan ka ce na kurmi ba ya aiki.

Kada ka manta ka sa wa ƙwannafin suna babba. Ka ce olsa gare ka, yunwa ce ta jawo. Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya sun karɓi kyautar Nobel a 2005 don sun nuna cewa ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 don a yarda da shi. Ana gwada ta, ana kashe ta cikin mako biyu. Amma wa zai je gwaji ya rasa uzurin cin abinci sau biyu a gidan biki?

Abin da za ka kiyaye shi ne mutanen da ke lalata sana'a. Akwai irin Alhajin da ya koma cin kaɗan kaɗan sau uku, ya mayar da tuwon darensa bayan magariba, ya fi son dafaffe a kan soyayye, yana taka ƙafa zuwa masallacin nesa, har tumbinsa ya saki ya daina matso tsami sama. Ya ma lura da kansa ya gano tumatir ba ya yi masa komai, kofi ne abokin gabarsa, domin kowane ciki da abin da yake ƙi. Irin wannan in ya zauna kusa da kai ka matsa.

Sai dai akwai inda wasa ke ƙarewa. In loma ta fara tsaya maka a ƙirji, ko ka yi aman jini, ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko kana ramewa ba dalili, wannan ya wuce kanwa. In kuma nauyin ƙirjin yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi, ga sarƙewar numfashi, to zuciya ce ake zargi, ba tsire ba. Ka bar wa yaro shagon, a tare maka keke, a nufi asibitin koyarwa na Parklane in kana Inugu, ko na Jami'ar Fatakwal, ko duk wanda ya fi kusa, ko da ƙarfe biyun dare ne.