Uwar Sauro da Maƙeran Cikinta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata rana Zuma da Kwarkwata suka kai wa Uwar Sauro ziyara a bakin kududdufi, suka ji cikinta sai ƙarar masaba yake yi. Zuma ta ce, "Yaya, wace kasuwa ke ci a cikin nan naki?"

"Barorina ne, gida uku," in ji Uwar Sauro. "Ga maƙera, zuriyar P450, sun haura 100, su ke babbake guba. Ga maɗaura, zuriyar GST, masu ɗaura mata kaya har ta narke a ruwa ta fice. Sai mahauta, 'yan gidan Estaras, masu datsa ta biyu."

Zuma ta kece da dariya. "Wannan ai ɓarnar tuwo ce! Ni maƙerana 46 ne kacal."

Kwarkwata ta leƙo daga kalmasar wani tsumma ta ce, "Nawa ko 40 ba su kai ba. Jini zalla nake sha, me zan wanke?"

Uwar Sauro ta nuna ruwan, inda 'ya'yanta ke wutsil-wutsil. "Ruɓaɓɓen ganye suke ci, ganye kuwa da dafinsa yake faɗowa."

Ana nan, sai Mutum ya gaji da zazzaɓi, ya feshe bangon ɗaki da DDT. Sauro suka zube kamar ƙaiƙayi. Amma a wani gida akwai maɗauri, GSTe2, wanda ya iya kwance wannan guba. 'Yan gidan suka kwana lafiya, kuma wanda ya kwana shi ya haihu.

Mutum ya sake dabara, ya rataya gidan sauro mai magani. Nan ma maƙera biyu, CYP6P3 da CYP6M2, suka hura wuta. Manomi kuwa, bai sani ba, ya yi ta fesa dangin maganin nan a auduga da shinkafa, ruwan sama yana wanko shi cikin kududdufi, jarirai suna lasa tun ba su yi fiffike ba. Zuma da ta je kiwo gonar, da rarrafe ta koma amya.

Sai ga Gizo, wanda yanarsa ta kwana biyu ba ta kama komai ba. Ya faɗi gaban Mutum da tsamin bakinsa, "Yanka ya daɗe, bar ƙara guba. Toshe zugazugin maƙera!"

Aka haɗa maganin da wani sinadari, PBO, mai kashe wutar maƙera, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan gidan sauro a 2017. Maƙera suka yi tsit, Gizo ya ci ya yi gyatsa.

Da dare Zuma ta bi ta bakin kududdufi, ta ji Uwar Sauro tana raɗa wa cikinta, "Maɗaura, mahauta, ku ba a toshe ku ba. A wasa wuƙaƙe."

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Gizo ba, da na yi muku ƙarya.