Ire-iren Mutanen da Ake Samu a Tseren Duwatsun Arewacin Ingila

Tseren duwatsu wasa ne na arewacin Ingila, musamman yankin tafkuna na Lake District da ke Cumbria, da tuddan Yorkshire da na Peak District, kuma ana yin irinsa a Sukotland da Wales. Ƙa'idarsa ba ta da wuyar faɗa: a tashi daga filin ƙauye, a haye dutse da gudu, a taɓa ƙololuwa, a gangaro. Babu kwalta, sau da yawa babu ko alamar hanya, ƙasar kuma ta ruwa ce, domin ƙauyen Seathwaite da ke kwarin Borrowdale yakan sami ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara. Asalin wasan bukukuwan ƙauye ne na ƙarni na 19, irin na Grasmere, inda makiyaya da masu yi wa baƙi jagora a kan duwatsu kan gwada ƙafa don 'yan kuɗi. A 1970 aka kafa ƙungiyar da ke kula da shi a Ingila, wato Fell Runners Association, wadda ta kasa tsere-tseren aji-aji: ajin A shi ne mai hawan aƙalla mita 50 a kowace kilomita, wanda ya kai kilomita 20 kuma shi ne dogo. Mutanen kuwa da shekaru da jinsi kaɗai ta rarraba su, alhali a hali ma iri-iri ne. Abu ɗaya ya haɗa su: a wannan wasa alfahari abin kunya ne, saboda haka kowa ya samo hanyar yin nasa a sace.

Wanda ake fara gani a filin tashi shi ne tsohon hannu. Siriri ne, fatarsa ta sha iska da sanyi, singiletinsa ta girmi rabin 'yan tseren, takalminsa kuma ƙirar Walsh ta garin Bolton, wadda ya yi imani ba a sake yin kamarta ba. Yana ajin masu shekara 60 ko 70, kuma ba ya motsa jiki kafin tsere sai dai ya tsaya yana kallon gajimare yana girgiza kai. Gwarzonsa Joss Naylor ne, makiyayin tumaki na kwarin Wasdale da ya taka ƙololuwa 72 cikin ƙasa da awa 24 a 1975, ya rasu a 2024 yana da shekara 88. Tsohon hannu ba zai taɓa cewa shi gwani ba ne. Abin da zai ce shi ne wata rana Joss ya taɓa wuce shi a kan hawa har ya gaishe shi, kuma daga wannan labari ake so mai sauraro ya gane cewa kafin a wuce shi ɗin, ai shi ne a gaba. A tsakiyar hawa mafi tsanani, inda samari ke dafe gwiwa suna haki, nan ne yake zuwa ya gifta su da tafiyarsa ta mai zuwa kasuwa, har ya tambaye su ya gida.

Kusa da shi akwai baƙon birni, wanda ya zo daga Landan ko Manchesta da tarihin gudun kwalta da agogon da ya fi kuɗin motar tsohon hannu. Kayansa duka sababbi ne, launinsu ya dace da juna. Matsalarsa takan fara tun a teburin duba kaya, domin a dogon tsere na ajin A doka ta wajabta ɗaukar riga da wandon ruwa, da hular sanyi, da safar hannu, da taswira, da kamfas, da usur, da ɗan abincin ko-ta-kwana. Duk yana da su, sai dai kamfas ɗin bai taɓa fita daga ledarsa ba, ga shi ƙungiyar ta hana amfani da na'urar GPS wajen neman hanya a tserenta. Tambayarsa ta farko ita ce ina ake raba ruwan sha, sai a nuna masa rafi. Ta biyu ita ce ina alamomin hanya, sai a nuna masa dutsen. Yawancin irinsa sukan rantse ba za su sake dawowa ba, kuma daga cikinsu ne ake samun tsofaffin hannun shekara 30 masu zuwa.

Kishiyarsa a teburin nan shi ne mai ƙwauron kaya, wanda ke bin dokar da awo. Rigar ruwansa tana shiga tafin hannu, taswirarsa an yanke mata duk gefen da ba za a bi ba, abincin ko-ta-kwanansa alewa ce guda ɗaya da ta halarci tsere fiye da wasu mambobin kulob.

Da an jeru a layin tashi sai muryar sarkin uzuri ta bayyana. Bai yi atisaye ba tun watan jiya. Gwiwarsa ta hagu ba ta jin daɗi, mura ta kwana uku ba ta sake shi ba, jariri ya hana shi barci, yau dai zuwa kawai ya yi don ya miƙe ƙafa. Duk wannan inshora ce: in ya zo na ƙarshe ya riga ya faɗa, in ya zo cikin goman farko, kamar yadda ya saba, to da ciwo ma ya yi hakan. Wanda bai san shi ba yakan tausaya masa, har ya rage gudu a farkon tsere don kada ya bar mara lafiya a baya, sai ya wayi gari yana hango diddigensa daga nesa.

Ainihin halin mutane yana fitowa ne idan hazo ya sauko, abin da kan faru a duwatsun nan ko da tsakiyar bazara. A cikinsa mutum ba ya ganin mita 20 a gabansa, kuma tun da a yawancin dogayen tsere wuraren tantancewa kawai aka wajabta a taɓa, hanyar da za a bi tsakaninsu zaɓin kowa ce. A nan masanin yanke yake cin kasuwarsa. Ya yi makonni yana zuwa leƙen hanya, ya san wata 'yar siririyar turbar tumaki da ke rage minti biyu, kuma yana ɓoye ta ko ga abokin da suka zo a mota ɗaya. Idan ya kusa wurin sai ya tsaya kamar yana ɗaure igiyar takalmi, har na bayansa su wuce, sannan ya sulale. Rabin lokaci dabarar tana ci. Sauran rabin kuwa yakan tsinci kansa tsamo-tsamo cikin taɓo har cinya, daga baya ya bayyana wa jama'a cewa hanyar daidai take, ruwan bana ne ya ɓata ta.

Shi kuma ɗan bin-baya bai san hanya ba, bai kuma yi niyyar sani ba. Dabararsa ita ce ya nemi wani mai singiletin kulob na yankin, irin Keswick ko Borrowdale ko Ambleside, ya manne masa. Ba ya tunanin cewa mai singiletin ma yana iya zama sabon shiga, ko kuma shi ma wani yake bi. Ta haka ake samun mutum ashirin a jere kamar tumaki, kowa ya natsu domin na gabansa yana tafiya da ƙarfin zuciya, har su gangara wani kwari dabam, su iske ƙauyen da ba a san ana tsere ba. A irin wannan ranar ba a taɓa samun wanda ya amsa cewa shi ne a gaba.

A gangara ake rabuwa gida biyu. Akwai mai ƙarfin hawa da ke isa ƙololuwa cikin na farko, sannan ya sauko a hankali yana taka kowane dutse da shawara, duk waɗanda ya wuce suna zubowa ta gefensa. Akwai kuma mahaukacin gangara, wanda hawa azaba ce gare shi, amma da ya juyo sai ya saki jiki, hannuwa a sama, tsakuwa na bin sa a baya. Wannan yana da magabata na gaske. A 1910 Ernest Dalzell ya yi tseren Burnsall a Yorkshire, hawa da sauka, cikin ƙasa da minti 13, kuma saurin saukowarsa ya sa an yi shekaru ana gardamar ko agogon ne ya yi kuskure. Sai a 1977 Fred Reeves ya karya wannan tarihi. Kenny Stuart ya hau Ben Nevis, dutse mafi tsawo a Birtaniya mai mita 1,345, ya sauko cikin awa 1 da minti 25 a 1984. Mahaukacin gangara na yau ya haddace waɗannan alƙaluma. Abin da ya gada daga mazan jiya dai shi ne jini a gwiwa, wanda ba ya wankewa sai kowa ya gani.

Mai raina wahala ya fi kowa ƙwarewa a alfaharin sace. Guguwar da ta kayar da mutane a kan tudu, a bakinsa 'yar iska ce mai daɗi. Ruwan da ya kai ƙugu, ƙasa ce ta ɗan jiƙe. Tseren kilomita 30 mai hawan mita 2,000, fita shan iska ne. Sai dai tun watan Janairun 2019 sana'arsa ta yi wuya, lokacin da Jasmin Paris, likitar dabbobi a Jami'ar Edinburgh, ta lashe tseren Spine na mil 268 a kan hanyar Pennine cikin tsananin hunturu. Ta gama cikin awa 83 da minti 12, ta riga maza da mata duka, ta rage fiye da awa 12 daga tarihin da ake da shi, tana kuma tatsar nono don 'yarta a wuraren hutu. Bayan wannan, duk wanda ya buɗe baki zai yi tawali'u a kan tseren awa uku, sai ya ga mutane sun ɗauki maganarsa a yadda ya faɗe ta, wanda ba haka ya so ba.

Nau'in da ya fi cin lokacin jama'a shi ne mai niyyar zagayen Bob Graham. A 1932 wani mai masaukin baƙi a garin Keswick, Bob Graham, ya taka ƙololuwa 42 cikin awa 23 da minti 39, kuma sai a 1960 Alan Heaton ya maimaita. Yau zagayen yana da nisan kusan kilomita 106 da hawan kusan mita 8,200, ana tashi daga ƙofar ginin Moot Hall da ke tsakiyar Keswick a dawo nan kafin awa 24 ta cika. Billy Bland na Borrowdale ya yi shi cikin awa 13 da minti 53 a 1982, tarihin ya tsaya shekara 36 har Kilian Jornet ɗan Sifen ya zo a 2018 ya yi cikin awa 12 da minti 52, sannan Ba'amurke Jack Kuenzle ya rage zuwa awa 12 da minti 23 a 2022. Mai niyya ba ruwansa da waɗannan, shi burinsa awa 23 da 'yan kai. Daga ranar da ya ƙudurta, hira da shi ta ƙare: ko gaisuwar rasuwa aka je sai ya kawo zancen minti nawa ake yi daga Dunmail Raise zuwa Wasdale. Yana da jadawalin da ya tsara lokacin isa kowace ƙololuwa, da wanda zai riƙe masa ruwa, da irin abincin da za a miƙa masa a zangon Honister. Iyalinsa sun san sunayen duwatsun 42 ba da son ransu ba. Niyyar tana iya kai shekara biyar, domin kullum akwai dalilin ɗagawa zuwa baɗi, kuma wasu sun gano cewa zama mai niyya ya fi gamawa daɗi, tun da wanda ya gama an daina tambayarsa.

Zagayen nan ya haifar da wani nau'in, ɗan rakiya. Kulob ɗin Bob Graham ba ya karɓar mutum sai da shaidar wanda ya gan shi a kowace ƙololuwa, don haka dole a sami masu raka shi zango-zango, su ɗauki kayansa, su nemo hanya da tocilan ɗin goshi da ƙarfe biyun dare. Akwai wanda ya raka mutum goma sha wani abu, ya san kowane dutse a duhu, amma bai taɓa gwada nasa ba. In an tambaye shi sai ya ce shi bai kai ba, alhali shi ne ke jan mai niyyar a hawan dutsen Yewbarrow yana ɗauke da jaka biyu.

Mai lissafi kuwa ba ya ganin dutse sai lamba. Alfred Wainwright ya bayyana tuddai 214 a littattafansa bakwai na yankin tafkuna, shi kuma yana bin su yana sa alama, ya gama ya sake sabon zagaye.

Bayan tsere ana taruwa a zauren ƙauye ko a mashaya, ga shayi ga kek, kyautar wanda ya ci kuma ba ta wuce kwalbar giya ko kwalin cakulan ba. Nan ne fagen mai labari. Tseren minti 40 yakan ɗauke shi awa biyu kafin ya bayar da shi, domin yana farawa ne daga kunun alkamar da ya sha da asuba, da cunkoson hanya, da wahalar samun wurin ajiye mota. Kowace faɗuwa tana da babinta. Idan masu sauraro suka watse sai ya rubuta shi ya aika wa jaridar kulob ko mujallar ƙungiya mai suna The Fellrunner. Masu karanta shi 'yan tseren ne da kansu, kuma kowannensu yana tsallake layuka ne yana neman inda aka ambaci sunansa.

Wanda ba ya shiga labarin kowa shi ne mai tsaron ƙololuwa. Ɗan sa-kai ne, sau da yawa tsohon ɗan tsere da gwiwa ta yi wa ritaya, ko matar wani ko mijin wata. Tun kafin a tashi ya hau dutsen da takarda da fensir, ya zauna awa huɗu ko biyar a gindin tarin duwatsu cikin ruwa da iska, yana rubuta lambar duk wanda ya gifta, yana ce wa kowa ya kusa, har da wanda ko rabi bai yi ba. Shi kaɗai ne a wasan nan ba shi da abin alfahari na ɓoye, kuma lissafinsa ne ke nuna ko akwai wanda ya ɓata. Dokar ƙungiyar ta ce duk wanda ya fasa tsere a hanya dole ya je ya sanar da masu shiryawa a wurin ƙarewa, kuma ba a rufe tsere sai an san inda kowane mai lamba yake.