Masu Cizon Yatsa a Kan Walimar Hankaki

Shekara biyar masu karatu suka kwashe suna jiran George R. R. Martin. Littafi na uku na labarin ƙasar Westeros ya fito a 2000, ya bar kowa da baki buɗe: an kashe sarki Robb da mahaifiyarsa a wurin biki, wada Tyrion ya ɗirka wa ubansa kibiya a ban ɗaki ya tsere. Sai a 2005 na huɗu ya iso, A Feast for Crows, wato walimar hankaki. Aka buɗe, ba Tyrion, ba Daenerys mai dodanni, Jon Snow kuwa leƙowa kawai ya yi. Wai labarin ne ya yi kauri, marubucin ya raba shi biyu, ya tura taurarin duka cikin rabin da bai fito ba. Tuwo ya sauka, miya tana hanya. Na zauna da masu cizon yatsa a kan wannan littafi iri-iri, kuma kowa da inda takalmin ya matse shi.

Wanda ya fi saurin tona kansa shi ne mai neman dodo. Karatunsa irin na mai laluben nama a miya ne: ya tsoma yatsa nan, ya tsoma can, in bai taɓo fiffike ko aman wuta ba ya wuce. Babi 8 aka ba jaruma Brienne tana yawo gari-gari tana cigiyar wata yarinya mai suna Sansa, alhali shi mai karatu ya san inda yarinyar take ɓoye tun tuni. "Wallahi ji nake kamar in shiga littafin in nuna mata hanya," in ji shi. Ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da ya tashi da Ruwan Bagaja, inda da wuya Alhaji Imam ya sauka gari bai yi kiciɓis da Malam Zurƙe ba, ya saba tafiya ta riƙa biyan kuɗin takalminta.

Shi kuwa mai lissafi, kuɗinsa yake bi. Ya san nawa ya saya, ya raba da yawan shafuka, ya cire jerin sunayen gidajen sarauta da ke ƙarshe, ya cire duk inda aka tsaya bayanin abin da sarakuna suka ci da abin da aka zana a garkuwar kowane barde. Abin da ya rage, a cewarsa, bai kai kuɗin kati ba.

Amma wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne lauyan marubuci, wanda ba wanda ya ɗauke shi aiki. Da ka fara ƙorafi zai gyara zama, ya cire tabarau, ya ce, "Ai Malam, ba ku gane littafin ba ne." Sai ya shiga bayani: wannan ba labarin yaƙi ba ne, labarin abin da yaƙi ya bari ne, gonaki a ƙone, gawa a rataye, hankaki na biki. Zai kawo maka jawabin limamin nan mai yawo ba takalmi, Meribald, kan yadda ake ɗebo talaka daga ƙauye a kai shi fagen fama har ya koma ɗan fashi. Abin haushin shi ne yana da gaskiya. Wurin nan ya fi dodo goma a wurina. Sai dai wata rana na ari kwafinsa. Takardar cingam da yake sa alama da ita tana maƙale a wajen sulusin littafin, ta manne har ta bar tabo, sauran shafukan kuwa fes, ko lanƙwasa babu. Jawabin limamin ma a bakin wani ya ji shi.

Akwai kuma kawu mai kyakkyawar niyya. Ya ji an ce akwai sarakuna da takubba, ya ɗauka Gizo da Ƙoƙi ne na Turawa, ya sayo wa ɗan ƙanwarsa. Allah ya sa ya fara leƙawa. Da ya gane abin da ke tsakanin sarauniya Cersei da tagwaininta Jaime, sai ya yi salati, ya cilla littafin saman durowa. Da dare ya taka kujera ya sauko da shi, don dai ya san iyakar ɓarnar. Cikin mako guda ya gama, yana ta Allah wadai, yana tambaya ko akwai na biyar.

Ɗan fim ba ya buƙatar dogon bayani. Ya kalli shirin da HBO ta yi na labarin daga 2011 zuwa 2019 kafin ya taɓa takarda, don haka ƙorafinsa guda ne: littafin bai bi labarin daidai ba.

Sai mai jira, wanda ciwonsa ya zama na kullum. A ƙarshen littafin Martin ya rubuta cewa yana fatan ɗaya rabin ya fito baɗi. Baɗin nan sai 2011. Masu karatun littattafan Kano sun san zafin "mu haɗu a kashi na biyu", amma su wata biyu ne su fara zagin marubuciya. Mai jira ya san an haifi Martin a 1948, yana yi masa fatan lafiya fiye da yadda yake yi wa baffansa. Yana tuna Robert Jordan, wanda ya rasu a 2007 bai ƙarasa nasa dogon labarin ba, sai Brandon Sanderson ne ya ɗaure masa ƙarshe. Da Martin ya fitar da Fire & Blood a 2018, tarihin kakannin Daenerys, mai jira ya yi rantsuwa ba zai saya ba sai an ba shi na shida. Ranar da tarihin ya fito ya saya.

Ni dai na bar wa na shidan wuri a kanta, faɗin yatsa huɗu, kusa da na biyar. Uwargida ta daɗe tana kallon gurbin. Yanzu kwalin maganin sauro ne a ciki.