Gado a Ƙarƙashin Gado

Da aka zo rabon gadon kakanmu, yayyena suka kwashe gona da awaki, ni kuma aka miƙo mini bindigar toka, irin wadda ake wa kirari da harba-ka-ruga. Wai ni ne ɗan boko, ni zan san yadda ake adana kayan tarihi. Ban taɓa harbin ko kurciya ba, amma na karɓa da hannu biyu.

Wanda bai yi damina a Kajuru ba bai san tsatsa ba. Daga Afrilu zuwa Oktoba sama ba ta hutawa, a Agusta kuwa har gishiri narkewa yake a kwano. Bajamushen nan da ya gina fadarsa a kan tsauni a shekarun 1980 ya san abin da ya sa ya zaɓi dutse. Ni ƙarfe aka ba ni, kuma kafin dawa ta fid da kai bakin bindigar ya yi jawur.

Kakata Iya ce ta fara ba da fatawa. "Angona, man gyaɗa za ka shafa mata, haka marigayi yake yi." Na shafe ta tas, na naɗe da leda, na ƙara da tsohon bargo, na tura ƙarƙashin gado. A ganina ko ruwan Ɗufana ba zai same ta ba. Ashe leda ba ta korar danshi, tsare shi take yi a ciki, bargo kuma ya sha laimar ƙasa ya riƙe. Man ya yi ɗoyi ya zama danƙo, kiyashi suka kafa layi tun daga zaure, ɓeraye suka cinye maratayin fata har da layar da ke ɗaure a gindin bindigar. Iya ta ce ai ba ta ce in sa leda ba.

Wani bakanike a Maraban Kajuru ya ce maganin ƙarfe baƙin mai. Ya cika mini gora kyauta, abin da ya kamata ya sa ni tunani. Na ɗura mata ta baki har ta ƙoshi, na rataye a bango. Cikin dare ta riƙa ɗiga a kan akwatin uwargida, daidai inda aka ɗora atamfar biki. Abin da aka faɗa mini da asuba ba na rubutawa ba ne. Bindiga dai ta koma rumfar kaji, inda zanzaro ya same ta ya yi gini a bakinta, ya shafe da laka kamar an biya shi kuɗin aiki.

A Kajurun yau mai hankali ba ya saɓa bindiga ya nufi Kasuwan Magani, ko da ta kakansa ce, balle dokar makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon hana riƙe ko ta toka sai da lasisi. Don haka na ɗauko wani tsohon maƙeri a babur har gida. Ya juya ta, ya shinshina, ya dube ni.

"Yaro, bindiga ka ajiye ko ƙosai kake toyawa?"

"Baba, shawara na bi."

Ya zauna ya yi mini karatu. Tokar albarushi da ke saura a ciki ita ke jawo ruwa daga iska, don haka maharban da suka san aikinsu da ruwan zafi suke wanke cikin bututun, su bar shi ya bushe ƙayau. Sannan man keken ɗinki, ɗan kaɗan a tsumma, yadda ƙarfe zai yi sheƙi ba tare da ya jiƙe ba. A rataye ta nesa da ƙasa inda iska ke ratsawa kuma yara ba sa kaiwa, baki ya kalli ƙasa don kada mai ya gangara ya ruɓar da katako. Ko gumin hannu, in ji shi, gishiri ne, a goge bayan an taɓa.

Ya fasa ginin zanzaro, ya zura sandar ɗuri don ya tabbatar babu komai a ciki. Sanda ta tsaya a rabi. Duk muka ja da baya, ni har bayan rumbu. A hankali ya sa ƙugiyar waya ya jawo wani ƙullin tsumma baƙi ƙirin. Da aka warware sai ga takardun naira ashirin masu hoton Murtala, irin na takarda da aka daina tun zuwan na leda a 2007, sun sha baƙin mai sun yi laushi.

Iya ta matso ta ƙura ido, ta tafa hannu. "Kuɗin akuyata! Ya rantse mini a hanyar kasuwa suka faɗi!"

Na ce Allah Ya jiƙan rai, abin da ya wuce ya wuce. Ta ce ai bindigar tawa ce, abin da ke cikinta ma nawa ne. Ranar kasuwa ta aiki yaro ya tambayo mata kuɗin akuya mai ciki, farashin bana.