Wai Yaron Ba Shi da Ƙwaƙwalwa

Mu dai nan Gaya da Ajingi, da zarar yaro ya faɗi jarrabawa, hukuncinmu ɗaya ne: ba shi da ƙwaƙwalwa. A majalisa haka ake faɗa, a gidan suna haka. Ba mai tambayar kwana nawa ya zauna a aji tun saukar damina. To, Malam, wa ya kai shi gona? Mu ne, don kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfinmu. Ran Juma'a mu ne muka ce ya bi motar awaki zuwa kasuwar Wudil. Ƙanwarsa kuwa tun hantsi farantin talla na kanta, saboda da ribar ne uwarta za ta tara mata kayan ɗaki. Taki ya yi tsada, hatsi bai kai mu baɗi ba, malamin ajin shi ma yana kabu-kabu da yamma don albashi ba ya kai wata. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka, ka ja nan can ya motsa.

Kuma fa ba jiya muka san koyarwa ba. Tarihin Kano ya ce Abagayawa maƙera daga Gaya suka tafi Dala neman tama. Har yau ka leƙa maƙera ka gani. Ba a zaunar da yaro a yi masa dogon bayani. Zuga-zugi ake ba shi, yana zuga yana kallon yadda ƙarfe ke ja, sannan a miƙa masa awartaki, sai can a yarda ya ɗaga masaba. A tsangaya ma kowa da inda allonsa ya kai, ba a wankewa sai ya iya, babba na biya wa ƙarami. Gari ke ciyar da almajiri, almajirai na taya malam noma, kuɗin Laraba kuwa ɗan abin da ya sawwaƙa ne.

Jari ne ya sauya lissafin. Tun da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano a 1912, haraji kuma da kuɗi ake biyansa, komai ya samu farashi. Da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, UPE, ya zo a 1976, muka riƙe cewa boko takarda ce, takarda aiki ce, aiki albashi. Yanzu ga makarantun kuɗi, ga darasin yamma, ga kuɗin koyon kwamfuta don JAMB. Mai hali ya saya wa ɗansa, marar hali ya ce Allah ya kawo rabo. Paulo Freire, malamin nan na Brazil, tun a 1968 ya koka da karatun da malami ke zuba wa yaro don kawai ya amayar ran jarrabawa. Irinsa muke biya da kuɗin gyaɗarmu.

Gwamna Ganduje ya ce ilimi kyauta ne kuma dole a 2019, Gwamna Abba ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Madalla, muna so. Amma Alhaji, dubi kalandar makaranta. Zango na uku yana faɗawa kan shuka da noman farko, a yi dogon hutu a Agusta, a koma aji a Satumba daidai lokacin da gero ya isa yanka. A taron iyaye da malamai mai zuwa, wannan ya kamata mu fara ɗagawa kafin maganar kuɗin alli.